Giya da Tuƙi Ba Su Haɗa Hanya

[Kiɗan buɗe shiri]

Ina gaida iyayenmu da ƴan'uwanmu na Sae Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Gidan Rumji da Tsibiri, da masu kama mu daga Cadawa, Agiye da Gazawa. Gaisuwa ta musamman ga direbobin da ke kan hanya yanzu haka, da ƙannena ƴan kabu-kabu da ke zaune a inuwa suna jiran fasinja. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Maganar da muka ɗauko yau tana da nauyin faɗa, amma yin shiru a kanta ya fi nauyi. Maganar giya ce da tuƙi. Na san wani dattijo zai ce, "Haba ɗana, mu nan ƙasar Musulmi ce, me ya kawo zancen giya a rediyo?" Baba, gaskiyarka. Addini ya haramta ta, al'adarmu ta ƙyamace ta, kuma mafi yawan mutanenmu ba su taɓa kai ta baki ba, alhamdu lillahi. Sai dai akwai masu sha a ɓoye. Wani kwalba yake sha idan ya shiga birni, wani burkutu, wani kuma ƴar ledar nan mai zafi da ke ɓuya a aljihun wando. A ɓoye yake sha, amma a fili yake hawa babur, a fili yake ɗaukar matar wani da goyonta, a kan kwaltar da ƴaƴanmu ke tsallakawa zuwa makaranta. Hukuncinta a addini malamai sun yi bayani, kuma suna kan yi. Namu aikin yau shi ne mu duba abin da take yi wa hankalin mai tuƙi, daki-daki, domin wanda ba ya sha ma ya gane, ya tsare ransa da na iyalinsa.

Mu fara da tuƙin kansa. Ku ɗauka ranar kasuwa ce, magariba ta kawo jiki. Direba ya taso daga Gazawa ya nufi Maraɗi a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta fito daga Yamai ta ratsa yankinmu, ta wuce Tasawa da Damagaram har Difa. A gabansa amalanken shanu ne ɗauke da buhunan hatsi, ba fitila ba komai. Ta hannun hagu babbar mota ta tunkaro da fitilu masu kashe ido. A gefen dama yaro yana kora awaki, ɗaya ta ware tana neman tsallakawa. Ga rami a tsakiyar kwalta, ga fasinja a baya yana yi masa maganar canji. Cikin daƙiƙa biyu ko uku dole ƙwaƙwalwarsa ta ga duk waɗannan, ta auna nisan kowanne, ta ƙiyasta gudun babbar motar, ta yanke ko a wuce amalanken ko a jira, sannan ta ba ƙafa da hannu umarni. Ƙwararren direba yana yin haka a kowace tafiya ba tare da ya lura ba, shi ya sa muke ɗaukar tuƙi aikin hannu da ƙafa, alhali mafi yawansa aikin hankali ne.

To, me ke faruwa idan giya ta shigo? Ita ba ta jiran narkewa yadda abinci ke jira. Kaɗan daga cikinta na shiga jini tun daga tumbi, mafi yawa kuma daga ƙaramin hanji, cikin mintoci kaɗan ta isa ƙwaƙwalwa. Idan cikin mutum babu komai, takan kai ƙarshen ƙarfinta a jini cikin kusan rabin awa. Idan ya ci abinci, takan ɗauki awa guda ko fiye. Aikinta a can shi ne rage saurin saƙon da sassan ƙwaƙwalwa ke aika wa juna. Jama'a na ganin mashayi yana surutu da dariya, sai a zaci kuzari ta ƙara masa. Abin da ya faru shi ne ta kwantar da sashen da ke tsawata masa.

Wannan sashe shi ne abu na farko da take taɓawa. Yana gaban kai, bayan goshi, kuma shi ke auna haɗari, shi ke ce wa mutum, "Dakata, tazarar nan ba za ta ishe ka ba." Da giya ta isa can, tsoro ya ragu, yarda da kai ta ƙaru. Direban da jiya zai jira babbar mota ta wuce, yau sai ya ce, "Ai kafin ta iso na fita," ya taka. Ku saurara da kyau jama'a, domin nan ne zuciyar maganar. Sashen da giya ta fara raunanawa shi ne wanda mutum zai yi amfani da shi ya gane cewa ya raunana. Kamar mai awon hatsi ne da tiyarsa ta lotsa bai sani ba: duk abin da ya auna zai ga ya cika, har ya rantse maka, don da ita yake aunawa. Saboda haka idan wanda ya sha ya ce maka, "Ni lafiyata ƙalau, ina cikin hankalina," ba lallai ƙarya yake yi ba. Haka yake ji har zuciyarsa. Jin nasa ne ya daina zama abin dogaro.

Abu na biyu shi ne raba hankali tsakanin abubuwa da yawa a lokaci guda. Masana sun gano cewa wannan ƙwarewa tana fara raguwa tun daga kurɓi kaɗan, tun harshe bai karye ba, tun tafiya ba ta canza ba. Sai mai tuƙi ya tattara hankalinsa a kan abu guda, galibi riƙe motar kada ta kauce, ya manta da madubi, ya manta da gefe. Yana can yana fama da amalanke, akuya ta shigo, yaro ya biyo ta.

Na uku, ido. Giya na rage ganin gefe, mutum ya koma ganin abin da ke gabansa kaɗai. Tana kuma ɓata masa auna nisa da gudu, motar da ke kusa ya ga kamar tana nesa. Sannan kowane direba ya san yadda fitilar babbar mota ke kashe ido da dare, a ɗan jima ido ya dawo daidai. Ga wanda ya sha, wannan ɗan jimawar yana tsawo. Yana tafiya a makance, mota kuwa ba ta tsaya jiransa ba. Ku haɗa wannan da hazon hunturu ko ruwan damina a kan gilashi.

Na huɗu, saurin ɗaukar mataki. Mu yi ɗan lissafi. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direban da ke cikin hayyacinsa yana buƙatar kusan daƙiƙa guda tsakanin ganin abu da taka birki, wato ya ci mita 25 kafin birki ya fara aiki. Idan giya ta ƙara masa jinkirin rabin daƙiƙa kawai, ya ƙara mita 12 da rabi, kusan tsawon babbar bas ta zuwa Yamai. A cikin wannan tazara ake raba wanda ya tsira da wanda aka ɗauka a tabarma. Babur mai gudun kilomita 60 kuwa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa.

Na biyar, daidaiton jiki. Can wajen ƙeya akwai sashen da ke haɗa aikin ido da hannu da ƙafa, shi ke hana mutum tangaɗi. Ƙanena ɗan kabu-kabu, wannan taka ce. Mota ƙafa huɗu gare ta, babur kuwa jikinka ne ke riƙe da shi a tsaye. A hanyoyinmu na ƙauye masu rairayi, inda ƙafar gaba ke zillewa ko ga mai lafiya, ya kake tsammani idan hannu ya yi nauyi, ga buhu a gaba, ga mace da goyo a baya?

[Ɗan kiɗa]

Jama'a, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan giya da tuƙi. Kada wani ya ce wannan zancen baki ne kawai, an auna abin. A shekarar 1954 wani jami'in ƴan sanda a jihar Indiyana ta Amurka, Robert Borkenstein, ya ƙera na'urar da ake busawa ta nuna yawan barasar da ke jikin mutum. A 1964 ya fitar da sakamakon babban bincikensa na birnin Grand Rapids, inda ya kwatanta direbobin da suka yi haɗari da waɗanda suka bi wurare iri ɗaya lafiya. Ya nuna cewa yadda barasa ke ƙaruwa a jini haka haɗari ke ƙaruwa, kuma idan ta kai wani mataki sai ya haura da sauri. Wani bincike da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta fitar a 2015 ya sake tabbatar da haka: mai giram 0.5 na barasa a kowace litar jini, yiwuwar ya yi haɗari ta ninka sau 2. Mai giram 0.8, kusan sau 4. Mai giram 1.5, sau 12.

Saboda wannan haɗari ne ƙasashe suka kafa iyaka a doka. Norwe ce ta fara tun 1936. Faransa ta tsaya a kan giram 0.5 tun 1995, ta kuma rage wa sababbin direbobi zuwa 0.2 a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ma waɗannan ma'aunai biyu take ba ƙasashe shawara a kansu. A nan Nijar dokar hanya ta hana tuƙi cikin maye, kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, tana ta faɗakarwa a kan tsaron hanya. Amma a gane, iyakar doka ba izini ba ce. Rauni yana farawa tun kafin a kai ta.

Kuma isa wannan iyaka ba wuya. Giyar kwalba na ɗauke da barasa kusan kashi 5 cikin 100. Babbar kwalba guda, mai santilita 60 zuwa 65, na iya kai mai matsakaicin jiki kusa da giram 0.5, siririn saurayi kuwa ta wuce da shi. Mai zafin nan ta leda takan kai kashi 40 cikin 100, ƴar leda mai santilita 5 ta fi rabin babbar kwalba ƙarfi, ga ta da arha, ga sauƙin ɓoyewa. Shi ya sa a farkon 2024 hukumar NAFDAC ta maƙwabciyarmu Nijeriya ta tashi tsaye don hana sayar da barasa a leda da ƙananan robobi. Burkutu kuwa babu wanda zai faɗa maka ƙarfin abin da ke cikin ƙwaryar, ta yau daban, ta gobe daban.

Yanzu mu zo kan maganganun da ake yi a tasha. Wani ya ce, "In na sha shayi mai kauri ko na ci goro, sai ta sake ni." Wani ya ce wanka da ruwan sanyi, wani ya ce fura da nono. Ɗan'uwa, babu ɗaya a cikinsu da ke fitar da barasa daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, kuma ba a sa ta sauri. A awa guda tana rage kusan giram 0.10 zuwa 0.15 ne kacal. Mai giram 0.5 sai ya jira wajen awa huɗu zuwa biyar kafin jininsa ya wanku. Shayi da goro suna buɗe ido ne kawai, su bar hankali yadda giya ta bar shi, har ma su ƙara wa mutum ƙwarin gwiwar hawa hanya. Kanumfari da alewa kuwa wari suke ɓoyewa.

Wani ya ce, "Ai jiya na sha, na yi barci." Mu sake lissafi. Wanda ya sha da yawa har ya kai giram 1.5 da ƙarfe 12 na dare, idan ya zo lodi da ƙarfe 6 na safe, ko da hantarsa ta yi iyakar ƙoƙarinta, akwai sauran giram 0.6 a jininsa. Ya wanke fuska, ya sa tufafi masu tsabta, amma yana sama da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kanta. Masana sun daɗe da lura cewa idan barasa ta fara sauka, mutum yakan ji ya warware tun kafin ƙwarewarsa ta dawo.

Wani kuma ya ce, "Ni na saba, ba ta kama ni." Sabo na iya hana tangaɗi da karyewar harshe, mutane su kasa ganewa. Bai mayar wa ido ganin gefe ba, bai mayar da rabin daƙiƙar nan ba. Wanda ya saba ma yakan sha fiye da kowa kafin ya ji alama.

Ba za mu bar maganar nan ba mu ambaci ƴan'uwan giya ba, domin a yankinmu wasunsu sun fi ta yawa. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi da ya kamata likita ya rubuta shi, amma samari na haɗiyarsa wai don su jure aiki. Yana kawo jiri da gyangyaɗi, idan ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya zuwa mutum na kan babur. Haɗa shi da giya na iya tsayar da numfashi. Haka maganin tari mai kodin, haka wiwi. Ko wasu magungunan mura na halal suna sa barci, don haka idan likita ya ba ka magani, gaya masa kai direba ne.

Sai rashin barci, wanda ya shafi har mai tsoron Allah da bai taɓa shan komai ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, ƙwarewarsa takan ragu daidai da ta mai giram 0.5 na barasa. Wanda ya tashi tun sallar asuba, ya wuni gona ko tasha, da ƙarfe 10 na dare ya kai wannan matakin. Malam direba mai zuwa Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 ce, ka yi wa kanka da fasinjanka adalci ka huta.

[Ɗan kiɗa]

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Mu a nan ba sai an ba mu adadi ba. Mun san yadda gida ke zama idan saurayin da ke ciyar da shi ya karye a cinya ana gab da shuka. A nemi motar kai shi asibiti a Maraɗi, a sayar da rago, a sayar da hatsin da aka tanada, wani lokaci har a jinginar da gona. Matarsa ta koma jinya, gonarsa ta cika da ciyawa. Wanda kuma ya buge ɗan wani ya mutu, ko an yafe masa, zai rayu da abin a zuciyarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai ce mutum ya gusar da hankalinsa da hannunsa sannan ya ce haka Allah ya so ba.

To, tun da mun ga cewa wanda ya sha ba zai iya auna kansa ba, hukuncin hawa hanya bai kamata a bar masa shi ba. Ya dawo kanmu, mu da ke kewaye da shi.

Inna, Hajiya, ƴar'uwa, kafin ki hau babur dubi mai shi. Jan ido, wari a baki, magana tana jan ƙafa, surutu ko faɗa ba dalili, fama da saka makulli, duk alamu ne. Kada kunya ta sa ki hau. Ba sai kin zarge shi ba, ki ce, "Ɗana, je ka, ina jiran wani." Idan kina kai ne kika ga tafiyar ta canza, ki ce ya tsaya, ki biya shi, ki sauka. Fasinjan mota, idan ɗaya ya yi magana ku mara masa baya, kada ku ce ya cika tsoro.

Sarkin tasha da shugabannin ƙungiyar direbobi da ta ƴan kabu-kabu, ranku ya daɗe, kun fi jandarma sanin yaranku. Kun san wanda ke zagayawa bayan rumfa kafin lodi. Hana shi layi ranar nan taimako ne gare shi. Alhaji mai babur ko mai mota, idan ka tsananta kuɗin da yaro zai kawo maka da yamma har sai ya yi dare yana nema, ka san kana tura shi ga ƙwaya. Sassauta masa, kuma ka lura da halinsa yadda kake lura da injin.

Abokai, idan ɗayanku ya sha a wajen biki ko a birni, ku karɓe makullin. Zai yi fushi, zai yi zagi, gobe zai huce. Ku kai shi gida ko ku bar shi ya kwana inda yake. Iyaye, idan kun gane ɗanku ya faɗa wannan hali, kora da tsinuwa ba su raba shi da abin, sai dai su ƙara tura shi ɓoyewa. Ku zaunar da shi, ku haɗa shi da malami mai hikima, ku kai shi wurin ma'aikatan lafiya, domin sabo da maye ciwo ne da ake magani.

Kai kuma ɗan'uwana da maganar nan ta shafa kai tsaye, ban zo in tona maka asiri ba. Fatana ka bar ta gaba ɗaya, Allah ya ba ka iko. Kafin ka kai ga haka, ka yanke wa kanka hukunci tun da safe, lokacin da hankalinka ke tare da kai: ranar da ka sha, ko kaɗan ne, ba ka taɓa makulli.

Idan kuwa haɗari ya auku a gabanku, ku sa alama a hanya don kada wata motar ta ƙara afkawa, ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko jandarmomi mafi kusa, kada ku jijjiga wuyan wanda ya ji rauni, kada ku ɗura masa ruwa yana sume.

Jama'a masu saurare, nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Wanda ya ji ya isar wa wanda bai ji ba, a majalisa, a tasha, a gida. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya shirya mana matasanmu, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba masu jinya lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]